Wanda Ya Tsaya a Gurbin Ango

Morven Tulloch tana tsaye a ƙarshen layin mata, riƙe da kunne ɗaya na kofin azurfa, sa'ad da ruwan sama ya koro wani baƙo cikin zauren garin Dunarra. Dogo ne, gashinsa a jiƙe, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya bakin ƙofa yana karkaɗe kwat, ya ɗago kai, idonsu ya haɗu. Gabanta ya faɗi, har abin da ke cikin kofin ya yi tangal-tangal.

Asabar ce ta ƙarshen shekara. A irin wannan lokaci rana ba ta yi mana kara, tun la'asar take tattara nata ya nata ta bar mu da fitilu.

Mu mutanen Dunarra ba mu da rawar da ba ta ci sunan abin sha ba. Akwai Tulun Sabuwar Shekara, mai saurin tsiya, sunan giyar nan mai zafi da ake zagawa da ita gida gida. Akwai Wuski da Zuma, wadda tsofaffi ke so don ba ta cin gwiwa. Duk tsarinsu ɗaya ne: maza huɗu a layi, mata huɗu suna fuskantarsu, na sama su yi zagayensu su koma ƙasa, saura su matso, har kowa ya samu nasa.

Sai Jan Inabin Ango, wadda mutum bakwai ke yi.

Tun zamanin kakanni wani ango ya tafi Faransa sayo ruwan inabin bikinsa. Gangunan inabin suka iso gaɓa da kansu, shi bai iso ba. Amaryar ta ce sai an yi rawar da aka tsara mata, ta tsaya a matsayi na huɗu, gabanta wayam. Tun daga nan kowace shekara ake zaɓar budurwa ta tsaya a wurin, ta riƙe kunne ɗaya na kofin cike da jan inabi, ta bar ɗayan. Da an yi zagaye uku ta iso sama, sai kiɗa ya tsaya. Ta ajiye kofin a tagar da ke kallon teku. Da safe a tarar babu ko ɗigo.

Baƙon bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya sani shi ne tarbiyyar kowane zauren rawa a ƙasar nan, wato ba a barin mace tsaye ba abokin rawa. Ya ratso zauren da murmushinsa, ya tsaya a gabanta, ya kama ɗaya kunnen kofin.

"Mazan garin nan makafi ne?" ya ce. "Sunana Struan Geddes. In kin yarda."

Gogen Torquil, makaɗin zauren, ya yi wani ƙara kamar an taka kyanwa, ya mutu. Zauren ya yi tsit. Wata tsohuwa ta toshe baki da hannu biyu.

"Saki," in ji Morven a hankali. "Don Allah ka saki."

"Na yi laifi ne?"

Kafin ta amsa, mahaifinta Murdo ya iso. Shi ke jagorantar rawa a zauren, mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Ya ɓamɓare yatsun saurayin daga kofin ɗaya bayan ɗaya.

"Wane aiki kake yi, yaro?"

"Injin jirgin fito nake dubawa, yallaɓai. Satin nan na fara."

Murdo ya rufe ido. "Jirgin fito," ya maimaita. "Je ka gida."

Washegari Morven ta je ɗauko kofin. Ba ta same shi wayam ba. Cike yake fal da ruwan teku, da yashi kwance a gindinsa. Ta zubar, ta wanke, ba ta gaya wa kowa ba.

Shi kuwa Struan, kunya ce ta kai shi shagon burodin da take aiki, ya ce ya zo ba da haƙuri. Ya ba da haƙurin ranar Litinin. Ya dawo Talata ya ƙara. Ran Alhamis ta ce masa haƙurin ya isa haka, in burodi yake so ya biya.

"To ba ni lambarki, in riƙa turo sauran ta waya."

Ta rubuta masa a jikin takardar burodi, tana hararsa tana dariya. Da yamma saƙo ya shigo.

"Ta Huɗu, na tambayi abokan aiki laifin da na yi, kowa sai ya kama kallon takalminsa. Ke ce ba a taɓawa, ko kofin?"

Ta amsa: "Kofin ne, Mai Kutse. Ni ma dai ba a ce ka taɓa ba."

"Na ji. Zan tsaya daga nesa ina kallo. Nisan tebur ɗin shayi ya isa?"

Haka abin ya kankama. Kullum jirgi ya dawo daga tsibiri, sai ya same ta a kwata, inda jirgin ke tsayawa, da burodi mai zafi cikin kwat. Ya iya ba ta dariya har ta riƙe ciki. Ta ƙaunace shi ƙauna mai tsanani, irin wadda ke zuwa da tsoro a goye, domin ta san abin da garin ke faɗa.

Ranar da Struan ya zo gida neman izini, ya sa riga mai guga, ya kankare man hannunsa har fata ta yi ja. Mahaifiyarta Ishbel ta kawo shayi da biskit. Murdo bai taɓa nasa ba.

"Ba ni da abin zargi a kanka, yaro," ya ce. "Amma ba zan ba ka ita ba."

"Baba!"

"Yi shiru, Morven. Shi ya kamata ya ji." Ya juya ga Struan. "Wanda ya tsaya a gurbin ango ya ɗauki amaryar ango, ya kuma ɗauki rabonsa. Ƙanena Lachie ya yi abin da ka yi, shi da gangan, don ya burge yarinya. Ni ke goge a ranar. Na tsayar da kiɗa kamar yadda aka saba, muka yi dariya. Kafin tumaki su gama haihuwa na ciro shi daga ruwa da hannun nan. Tun ranar ban sake taɓa goge ba."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Struan. "Amma Mista Tulloch, mutane na nutsewa a garuruwan da ba su taɓa jin wannan rawa ba."

"Haka ne. Sai dai ba 'yata ce za ta tsaya a kwata tana jiransu ba. In ka rabu da ita, wataƙila angon ya ga ba kishiyarsa ba ne kai, ya ƙyale ka."

Ta raka shi ƙofar gida. Hazo ya taso daga teku, fitilun titi sun zama kamar idon mara lafiya.

"Kada ki ce kin yarda da wannan, Ta Huɗu."

"Ka ga wani abu tun ranar? Faɗa mini gaskiya."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ido ba. "Takalmana ne kawai. Nakan bar su kusa da hitar ɗumama ɗaki, in tashi in same su sharkaf. Ɗakin ne ke yoyo."

"Ka ɗanɗana ruwan?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta gane gishiri ya ji.

Kwana ta yi tana kuka. Da safe ta rubuta saƙon da ya fi kowane ɗaci a rayuwarta.

"Struan, na yi tunani. Abin nan ba zai yiwu ba. Kada ka ƙara zuwa shago. Ka yafe mini."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya turo: "Ko dalili ɗaya, masoyiya." Ta kife wayar.

To, dama Torquil mai goge ya daɗe yana zagaye ta kamar ƙuda da kwanon zuma. Ɗan mai otal ne, kyakkyawa, kuma ya san da haka. Da ya ji labari sai ya riƙa zuwa ɗaukarta a mota in ta tashi aiki. Ita kuwa don ta guje wa hanyar kwata, ta shiga sau biyu. Wannan ya ishe shi jari. Ya tare Struan a mashaya, ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka damu, abokina. Tsuntsun gari a gari yake sheƙa. Za mu turo maka katin biki."

Morven ba ta san an yi haka ba. Ta rame, burodinta ya riƙa ƙonewa. Abin da ke riƙe da ita ɗaya ne, cewa ta sayi ransa da farin cikinta. Kullum ta ji ƙahon jirgi ya dawo sai ta sauke ajiyar zuciya.

Ana nan har watan Maris ya kama, tumakin farko suka fara haihuwa a kan tudu. Sai ga saƙonsa.

"Morven, ƙarshen wata zan bar Dunarra. Torquil ya ce an kusa sa muku rana, Allah ya sanya alheri. Wataƙila a wani gari in samu barci. Ruwan ya wuce takalma yanzu, har zanen gado. Kiɗan gogen rawar nan kuma ya biyo ni ɗakin inji, ina jinsa ta ƙarƙashin jirgi. Kullum zagaye uku, sai ya tsaya cak, kamar mai jiran a ce masa ci gaba."

Ta karanta tana tsaye gaban tanda, amma sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Ashe rabuwar ba ta tsinana komai ba. Ta sake karanta layin ƙarshe. Ta tuna yadda ita kanta ke ji a duk shekarar da aka zaɓe ta, in ta iso sama, ƙafa ta ɗaga, jiki ya shirya, sai a yanke kiɗa. Ta kwance ƙyallen aikin da ta ɗaura a gaba ta ruga kwata.

Ta same shi yana naɗe igiya. Idanunsa sun faɗa.

"Wa ya ce maka zan auri Torquil? Ko maza sun ƙare, in auri madubi?"

"To me ya sa kika kore ni?"

"Don ka rayu, wawa!" Ta fashe da kuka, ta cukuikuyi kwat ɗinsa. "Kuma bai yi amfani ba. Saurara, Mai Kutse. Angon nan da teku ya ci ba amarya yake nema ba. Kowa a layi yana samun zagayensa, shi kaɗai ne da ya iso sama ake kashe masa kiɗa, shekara da shekaru. Da ni ce, ni ma da na yi fushi."

"Kina nufin mu ƙarasa masa?"

"In ka yarda. Ban san abin da zai faru ba. Zai iya zama mafi muni."

Ya share mata hawaye da babban yatsa, ya bar mata zanen baƙin mai a kumatu. "Dama rawa ɗaya na roƙe ki tun farko, har yau ba ki ba ni ba."

Ranar Asabar da yamma, bayan an gama Wuski da Zuma ana shan iska, Morven ta fito da kofin daga kabad, ta cika shi da jan inabi, ta tsaya a matsayi na huɗu. Struan ya tsaya a gabanta ya kama kunnensa.

"Ba lokacinta ba ne," in ji Murdo. "Ajiye kofin nan."

"Baba, na yi maka biyayya, na rabu da shi. Taɓa hannun rigarsa ka ji."

Murdo ya taɓa. Rigar a jiƙe take, alhali tun safe ba a yi ruwa ba. Ya ja da baya.

Ishbel ce ta fara tashi. Ta jawo hannun maƙwabcinsu ta tsaya a sama. "Ni dai na gaji da kallon 'yata tana bushewa," ta ce. "Ku taso, ko sai na kira sunan kowa?" Mutum huɗu suka taso suna jan ƙafa.

Torquil ya ɗaga kafaɗa. "Uku zan yi, kamar yadda kakana ya yi. Ba da hannuna za a ja wa gari masifa ba."

Kiɗa ya tashi. Zagaye na farko ya wuce lafiya. A na biyu fitilu suka dushe, warin gishiri da tsohon inabi ya cika zauren. A na uku takalman masu rawa suka fara fatsal fatsal kamar a cikin ruwa, kowa ya ƙi duban ƙasa. Morven da Struan suka iso sama, Torquil ya sauke gogensa.

Shirun da ya biyo baya ya fi na kullum nauyi. Kofin ya yi sanyi har yatsun Morven suka ƙage. Ta dubi Struan, ta ga leɓensa ya koma shuɗi, yana jan numfashi da ƙyar kamar wanda ruwa ya kai wa wuya.

"Torquil, don girman Allah!"

Torquil ya ƙanƙame gogen, ko motsi ya kasa.

"Baba," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ka tsayar wa Baffa Lachie. Kada ka tsayar wa nawa."

Wallahi duk wanda ke zauren ya ga fuskar Murdo a lokacin ba zai manta ba. Ya taka zuwa dandamali kamar mai tafiya cikin laka, ya zare gogen daga hannun Torquil, ya kafa a haɓa. Sautin farko ya fito a karkace. Na biyu ya miƙe.

Morven ta ja Struan. Suka gangara tsakiyar layi, kofin na tsakaninsu. Nan ta ji shi: wani hannu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya kwanta a kan nata da na Struan, ba da ƙarfi ba, yana bin kiɗa. Ya iya rawa, ya fi su duka iyawa. Shi ya juya su inda ya kamata, shi ya dawo da su sama, ya sake kai su ƙasa. Tsoro ya kama ta, sai kuma tausayi ya danne tsoron, hawaye suka zubo mata.

Murdo ya ja dogon sautin rufewa. Maza suka rusuna, mata suka durƙusa. Morven ta kurɓi inabin kaɗan, ta miƙa wa Struan ya kurɓa. Da suka sauke kofin, babu komai a ciki.

Ƙofar zauren ta buɗe da kanta, a hankali, ta kuma rufe. Fitilu suka dawo. Struan ya yi tari, ya ja iska cike da ƙirji.

"Ashe haka kuke rawa a garin nan," ya ce da dasasshiyar murya. "Shi ya sa ba ku da baƙi."

Dariya ta ɓarke, rabinta kuka. Murdo kaɗai bai yi ba. Ya mayar wa Torquil gogensa ya ce, "Ban ce na yarda ba. Sai na ga ranar da idona."

Amma bai hana a sa rana ba. Aka sa watan Yuni. Tumaki suka gama haihuwa, Struan na kwana a busasshen gado, har ya yi ƙiba. Murdo dai kullum jirgi zai dawo yana kwata, wai ya zo duba tarun wani.

Ranar biki sai da Struan ya ƙetara tsibiri da safe ya ɗauko mahaifiyarsa. Bayan tafiyarsa hazo ya sauko, fari fat, ko hannunka ba ka gani. Lokacin dawowar jirgi ya yi, ya wuce. Morven ta fito daga gida cikin farar rigarta, mata na kiranta ba ta waiwaya ba. Ta tarar da mahaifinta a ƙarshen kwata, hularsa a hannu.

"Ni na kaɗa wa angon nan," ya ce, bai dube ta ba. "In yaron ya tafi, ni ne sila."

Ta riƙe hannunsa. Wayarta ta yi ƙara, ta duba da sauri.

"Ta Huɗu, muna tafe kamar kunkuru. Mama na ta amai tana zagin garinku. Kada ki auri kowa kafin in iso."

Ta karanta wa mahaifinta. Ya ƙura wa ruwa ido har ƙaho ya yi kuka a cikin hazo, baƙin hancin jirgi ya ɓullo. Struan ne ya fara saukowa, riƙe da wata 'yar tsohuwa da amai ya galabaitar. Murdo ya ture kowa ya isa gare shi, ya rungume shi da ƙarfin da ya kusa karya masa haƙarƙari. Ƙaton mutumin nan ya yi kuka a gaban gari duka, ba kunya.

"Mista Tulloch, za ka ɓata mini riga."

"Baba za ka ce, ɗan banza. Ka makara."

Aka ɗaura aure a 'yar cocin kan tudu, hazo na yayewa ta taga. Da fasto ya gama, Murdo ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Na hana ka ita don tsoro, yau na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa kullum ka fita, ka dawo mata."

Duk coci aka amsa da amin, ta Morven ta fi ta kowa ƙarfi.